Akwatin Wutar da Surukina Ya Saya

Mai ɗakina tana da ciwon fuka tun muna da ƙuruciya, amma sai da shekaru suka ja ya fara yi mana barazana ta gaske. Da can ɗan abin fesawa a baki ya ishe ta. Daga baya aka kai matsayin da in ciwon ya taso, ta fesa, ta sake fesawa, ƙirjin bai buɗe ba. Likitan da ke duba ta a Birnin Kebbi ya sa muka sayi wani ɗan inji wanda ake zuba wa ruwan magani, ya mai da shi tururi, ta shaƙa ta cikin abin rufe hanci da baki. Muna kiransa injin shaƙa. Aikinsa ba shi da aibu, sai dai da wutar lantarki yake tashi, kuma duk wanda ya zauna a Gwandu ya san yadda muke da wuta. Takan zo lokacin da ta ga dama, ta tafi ana tsakiyar amfani da ita.

Muna da tsohon janareto a bayan ɗakin girki. Hayaƙinsa kaɗai ya isa ya tayar mata da ciwon da ake neman kwantarwa, kuma kafaɗata ta daina jure jan igiyarsa. Ban da wannan, akwai maganar Diggi. Can ne mahaifarta, a ƙasar Kalgo, kuma tana da rabo a gonar shinkafar da mahaifinta ya bari a fadama. Duk shekara in girbin shinkafar rani ya zo, takan tafi ta zauna da 'yan'uwanta har a gama sussuka a raba amfani. Sau da yawa a bukkar bakin gona suke yini, wani lokacin su kwana a can. Na sha gaya mata cewa mai fuka ba ta da abin yi kusa da ƙaiƙayin shinkafa. Takan saurare ni har in gama, sannan ta ci gaba da ɗaure kayanta. Tunda ba ta fasawa, abin da ya rage mini shi ne in sama wa injin nan wutar da za ta bi ta duk inda ta je.

Abin da nake nema ɗan akwatin ajiyar wuta ne, irin waɗanda suka cika shagunan birni yanzu, wanda ake yi wa caji in an kawo wuta ko da faifan hasken rana, in an ɗauke a jona masa kaya. Ban ɗauki zaɓen da wasa ba. Na koyar da lissafi da kimiyya har na yi ritaya ina hedimasta, kafin nan kuma na yi karatu a makarantar mishan can ƙasar Zuru, inda aiki ya kai mahaifina. A wannan makaranta, in aka ba ka kaya, bayansa ake sa ka fara dubawa, inda aka rubuta abin da zai iya da ƙananan haruffa. Abin da aka zana a gaba da manyan haruffa na mai talla ne. Da wannan tarbiyya na shiga shagunan Birnin Kebbi, tabarau a hanci, ina juya akwatuna. Masu shago ba su ji daɗina ba, ni ma ban ji daɗinsu ba. Ka tambayi mutum irin batirin da ke ciki, ya ce, "Orijina ne, Baba." Ka tambaye shi yawan wutar da akwatin ke ajiyewa, ya kunna maka fitilar da ke jikinsa ya ce ka dubi haske.

Duk da haka na gano abin da nake bukata. Inji mai mota a ciki, wato ɗan abin da ke juyawa, kamar injin shaƙa, yana fizgar wuta da ƙarfi a daidai lokacin da zai tashi, fiye da abin da yake ci in ya kama gudu, saboda haka akwatin da ba ya jure wannan fizga ba shi da amfani gare mu. Sannan wutar da akwatuna ke fitarwa iri biyu ce. Akwai mai santsi irin wadda ke zuwa ta falwaya, akwai kuma mai gargada, wadda ta isa fitila da cajin waya, amma mota in ta sha ta sai ta yi gurnani ta yi zafi. Batiri ma haka, akwai na zamani mara nauyi mai daɗewa, akwai na dalma irin na mota wanda ke gajiya da wuri. A kan duka kuma, dole ya zama abin da tsohuwa za ta ɗauka da hannu ɗaya ta shiga mota da shi. Na ware guda biyu a raina. Saura kawai in koma da injin shaƙar in gwada su a gaban mai shago.

A nan ne abin ya fita hannuna. Mai ɗakina ta ambata wa ƙanwarta a waya cewa Malam yana ta yawon shaguna, ya bar gida da safe ya dawo la'asar ba abin da ya saya. Ƙanwar ta gaya wa ɗiyarmu, ɗiyarmu ta gaya wa mijinta.

Dole in yi bayanin yadda muke, domin yaran yanzu ba duka suka san wannan ba. A gidanmu, kamar gidaje da yawa da suka daɗe a Gwandu, ana jin kunyar ɗan fari. Ɗiyar nan ita ce ta farinmu. Ba mu faɗar sunanta, ba mu zama hira da ita. Da aka yaye ta, ƙanwar mai ɗakina da ke aure a Kambaza ta ɗauke ta, ita ta raine ta, ita ta aurar da ita a Kalgo, ita kuma take kira Inna. Mijinta mai sayar da taki ne da irin shinkafa, mutumin kirki mai rufin asiri, ya manyanta har furfura ta fara fito masa. Amma tsakanina da shi gaisuwa ce da sa albarka. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, ban taɓa ganin tsakiyar idonsa ba. In ina da magana da shi, sai in gaya wa mai ɗakina, ta gaya wa ƙanwarta a Kambaza, ita ta gaya wa ɗiyar a Kalgo, ɗiyar ta gaya wa mijinta. Haka muka yi shekara da shekaru, ban taɓa ganin aibun abin ba, domin saƙonnin ba su wuce na suna da biki da gaisuwar mara lafiya ba.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidana. Ƙarti biyu suka sauke wani akwati suna nishi, suka ajiye shi a zaure. Girmansa ya kai akwatin kayan amarya. A gabansa akwai manyan lasifika biyu, kewaye da su fitilu masu canza launi, ja, kore, shuɗi. Yana da rediyo, yana da abin magana irin na masu wa'azi. An rubuta wata lamba mai girma a ƙirjinsa da ruwan zinari. Surukina ya tuɓe takalma tun daga waje, ya durƙusa a bakin zaure, kansa a ƙasa.

"Baba, na ji ana neman abin wuta saboda Hajiya. Ga shi, a yi haƙuri, ba yawa."

Na ce, "Allah ya yi albarka. Allah ya ƙara buɗi."

Abin da ake faɗa ke nan, kuma da zuciya ɗaya na faɗa, domin niyyarsa mai kyau ce. Yana tafiya na sa tabarau na zagaya bayan akwatin. Babu abin da aka rubuta game da irin wutar. Na kwance murfin gefe, na tarar da batirin dalma kwance a ciki. Na jona injin shaƙa. Ya tashi, amma da wani gurnani da ban san shi da shi ba, kuma kafin a jima jikinsa ya ɗauki zafi.

Mai ɗakina da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "To, ai ga shi nan shina aiki, Malam. Mi kake so kuma?"

Na ce, "Yana aiki ne domin cike yake. Ki bari ki gani."

Na jona masa fanka na bar ta tana juyawa har washegari da hantsi. Da cajin ya sauka wajen rabi, na kira ta, na sake jona injin shaƙa. Injin ya yi kamar zai tashi, akwatin ya yi ƙara tsit-tsit, ya kashe kansa. Na sake, ya sake. Fitilun ado dai ba su daina juyawa ba.

Na ce, "Kin gani da idonki. Ga saƙona ga yaron nan, kuma ina so ya isa yadda na faɗe shi. Mun gode ƙwarai. Amma akwatin nan ba ya ɗaukar injin shaƙa in cajinsa ya ragu, batirinsa ba mai daɗewa ba ne, kuma ya yi nauyin da ba za ki iya kai shi Diggi ba. A mayar da shi tun mai shago bai manta da fuskarsa ba, a musanya da wanda zan kwatanta."

Ta dube ni kamar na ce ta fita kasuwa ba mayafi. "A mayar? Kyautar suruki?"

"A musanya, na ce."

"To, na ji. Zan gaya wa ta Kambaza."

Ban san siffar da maganar ta ɗauka a Kambaza ba, ban san wadda ta ɗauka a Kalgo ba. Amsar dai na gani. Bayan 'yan kwanaki a-kori-kurar nan ta dawo da wani keken ƙarfe mai ƙafafu huɗu da mariƙi, wanda surukina ya sa mai walda ya ƙera daidai girman akwatin, har da fenti. Direban ya ce, "An ce Baba ya yaba ƙarfinsa ƙwarai, nauyin ne kawai ya ɗan yi wa Hajiya yawa." Na tsaya ina kallon keken. Aikin walda mai kyau ne, ban ga inda zan kushe shi ba, wannan ma ya ƙara mini haushi.

A makon ne ƙanwar mai ɗakina ta zo gaishe mu. Tsakanina da ita akwai wasa, kamar yadda yake tsakanin mutum da ƙanwar matarsa, kuma ba ta taɓa barin wannan dama ta wuce ta ba. Tun daga tsakar gida ta fara.

"Ina angon nawa, Baturen Gwandu? An ce an kawo maka gidan rediyo har ɗaki, kana ta hwaɗa kamar an taka ka."

Na ce, "Zauna, ke nake nema. Me kika gaya wa yarinyar nan?"

"Abin da anka ce in gaya mata."

"An ce ki ce na yaba ƙarfinsa?"

"To, ba ka ce shina da nauyi ba? Abu mai nauyi ai mai ƙarfi ne."

"Na ce ba ya ɗaukar injin shaƙa. Ina wannan ta shiga?"

Ta gyara zama, ta daina dariya kaɗan. "Hedimasta, ɗiyata ce ke zaune gidan mutumin ga. In ce mata ta je ta gaya wa mijinta ubanta ya raina kyautarshi? Kai kana nan Gwandu kana juya akwati, ita ce za ta kwana da maganar. Yayata ta rage rabi kafin ta ba ni, ni ma na rage abin da ya sawwaƙa. Haka ake yi."

Na ce, "Haka ake yi da maganar goro da atamfa. Wannan maganar numfashin yayarki ce."

Na ɗauko injin shaƙa na gwada a gabanta, ta ji ƙarar, ta ga akwatin ya mutu. Ta ce subhanallahi, ta ce lallai wannan karon za ta faɗa yadda yake. Na maimaita mata saƙon, na sa ta maimaita mini kamar ɗaliba, tana yi tana murguɗa baki tana cewa Allah ya jiƙan yaran da suka bi ta hannuna.

Abin da ya biyo baya faifan hasken rana ne, babba, da doguwar waya. Saƙon da ya iso Kalgo shi ne, Baba ya ce akwatin ya fi jin daɗin aiki in yana cike. Ba ƙarya aka yi ba, kuma wannan ne abin takaicin. Kowace daga cikin matan nan uku ta cire abin da take jin nauyin faɗa, ta miƙa sauran, kuma babu wadda za a kama da ƙarya. Faifan kansa mai kyau ne, na duba bayansa. Amma bai canja abin da ke cikin akwatin ba.

Na ce wa mai ɗakina zan koma Birnin Kebbi in sayi wanda na zaɓa tun farko, a bar wannan a zaure. Ta ce in na yi haka, gara in je kasuwar Kalgo in mari yaron a gaban jama'a, domin duk wanda ya shigo gidan zai ga akwati biyu ya san abin da ake nufi. Ta ce ita ce mai ciwon, kuma ta yarda da wanda aka kawo. Ta ce a dinga barinsa cike, shi ke nan. Muka yi kwanaki ba mu cika magana ba. Na kafa doka cewa kada a jona wa akwatin komai sai injin shaƙa, ina duba cajinsa safe da yamma.

Bazara ta shigo da zafinta. Wata rana na tafi ta'aziyya Malisa da safe, an kwana biyu ba a kawo wuta ba. Zafi ya ishi mai ɗakina a ɗaki, ta jona fanka. Ba zan ga laifinta ba, ranar ko a inuwa mutum bai tsira ba. Na dawo bayan azahar, tun daga zaure na ji ƙarar nan, tsit-tsit. Na tarar da ita zaune a ƙasa, ta dafa hannu biyu a gaba, kafaɗunta suna hawa da sauka, abin rufe hanci yana rataye a wuyanta. Ta danna injin, akwatin ya mutu, ta kunna akwatin, ta sake dannawa. Ba ta iya yi mini magana ba. Leɓɓanta sun canja launi.

Maƙwabcinmu mai keke-napep yana gida, Allah ya sa. Shi ya taimake ni muka kai ta asibitin gari, aka sa mata tururin, aka yi mata allura. Kafin magariba ƙirjin ya buɗe, muka dawo gida. Ba zan tsawaita a kan wannan yini ba.

Washegari ina alwala na ji ta a waya da ƙanwarta, murya a shaƙe. "Jiki ne ya ɗan motsa jiya, amma da sauƙi, alhamdu lillahi. Kada ki tayar wa yaran ga hankali." Ko kalma ɗaya game da akwatin ba ta faɗa ba. Ga girbi ya matso, ta riga ta fara maganar Diggi, inda babu maƙwabci mai keke a bakin fadama, asibiti kuma ba kusa ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na yi shatar mota, na sa aka ɗora akwatin da kekensa, na rungumi injin shaƙa a cinyata, muka kama hanyar Kalgo. Ban taɓa zuwa gidan ɗiyar nan ba sai ranar suna, shi ma a waje nake tsayawa tare da jama'a. Da aka yi mini sallama da surukina ya fito ya gan ni, sai da ya dafa bango. Ya shimfiɗa mini darduma a zaure, shi ya durƙusa can bakin ƙofa.

"Baba, lafiya? Da an aiko, ai da na zo."

Na ce, "An aiko sau biyu. Matso kusa."

Ya matso kamar taku ɗaya.

"Matso inda za ka ga hannuna."

Na jona injin, na danna. Ya yi gurnani, akwatin ya yi ƙararsa ya mutu. Na sake yi domin kada ya ce kuskure ne.

Na ce, "Abin da ya yi ke nan shekaranjiya, surukarka tana zaune a ƙasa tana neman numfashi. Da keke muka kai ta asibiti. Ba laifinka ba ne, mai shago ya sayar maka da abin biki, kai kuwa abin asibiti ka je nema. Na aiko a gaya maka tun washegarin ranar da ka kawo shi. An gaya maka na yaba."

Karo na farko tun da ya auri ɗiyata, ya ɗago kai ya dube ni.

"Wallahi, Baba, ba a gaya mini ba. Cewa anka yi zazzaɓi ne."

"Na sani. Shi ya sa na zo da kaina. Na san abin da na yi ba a yi. Sa takalmanka, za mu birni."

A mota ya ƙi zama kusa da ni, ya shiga gaba wajen direba, bai juyo ba har muka isa. Muka fara zuwa inda ya sayi akwatin. Mai shagon ya fara cewa kaya in ya fita ba ya dawowa. Surukina, wanda ban taɓa jin muryarsa ta wuce raɗa ba, ya yi masa magana irin ta 'yan kasuwa, wadda ba zan rubuta a nan ba. Na fita waje na ba su wuri, domin kada ya tuna ina ji. Da na dawo an karɓi akwatin, har da keken ƙarfen a matsayin kyauta ga mai shago. Faifan hasken rana yana gida, shi na ce a bar mana.

Daga nan na kai shi shagon da na ware akwatunan nan biyu. Na sa aka fito da su, na tambayi wanda cajinsa ya fi ƙasa, na ce shi za a fara gwadawa. Mai shagon ya ce, "Baba, bari a cika shi tukuna, ka ga aikinsa sosai." Na ce cike kowane akwati jarumi ne, ni a gajiye nake son ganinsa. Na zuba ruwa a kofin injin maimakon magani, na jona, na danna. Ya tashi nan take da muryarsa ta gida, tururi ya fito. Na bar shi yana aiki har ruwan ya ƙare, ina taɓa jikinsa ko zai yi zafi. Na kashe na kunna sau da dama. Mai shagon ya ce, "Baba, nan fa ba asibiti ba ne, ga mutane suna jira." Na ce su jira. Na biyun ma ya tashi da injin, amma ya fi nauyi, kuma fankar da ke cikinsa tana da ƙara. Na ɗauki na farkon da hannun hagu, wanda shi ne mai rauni, na je ƙarshen shagon na dawo. Bai fi butar alwala biyu cike ba. Na juya bayansa na karanta wa surukina abin da aka rubuta, kalma kalma, na nuna masa inda aka faɗi irin wutar da irin batirin. Yana tsaye a gefe, hannu a baya, yana cewa, "Na'am, Baba." Shi ya biya. Ban yi masa gardama ba, kyautarsa ce.

A gida ban sami yabo ba. Mai ɗakina ta dubi ɗan akwatin, ta ɗaga shi, ta ajiye, ta ce, "Ka je gidan yarinyar ga? Ka shiga zaure? Ka yi mishi magana baki da baki?" Na ce na yi. Ta ce yanzu da wane ido za ta dubi dangin mijin. Ta Kambaza kuwa ta bugo waya tun kafin in cire hula.

"Sannu, Bature. An ce ka buɗe aji a zauren surukinka. Ka ba shi jarrabawa ko sai wani mako?"

Na ce, "Ya ci. Ku ne kuka faɗi."

"Mu munka raini ɗiya, kai ka tsallake mu kamar kwata. To, daga yau ka dinga kai saƙonka da kanka, ni na ajiye aiki."

Ta ajiye ɗin kuwa na wani lokaci, gaisuwarta ma ta gajarce. A masallacin unguwa wani tsoho sa'ana ya ce mini ya ji labari, ya ce karatun mishan ba ya barin mutum ko ya tsufa. Na ce masa ban musa ba.

Da girbi ya zo, na koya wa mai ɗakina kunnawa da kashewa da jona faifan rana, na sa ta yi a gabana har hannunta ya saba, tana cewa ta gaji da makaranta. Ta sa akwatin da injin a jaka ɗaya, ta ɗauka da kanta zuwa mota.

Ana cikin sussuka ta bugo mini da rana tsaka. Ina jin bugun shinkafa a bayanta da hayaniyar mata. Ta ce iska ta juyo da ƙaiƙayi wajen bukka da hantsi, ƙirjin ya kama, ta fesa bai saki ba, ta shiga ciki ta kunna injin.

Na ce, "Ya tashi?"

"Ya tashi."

"Bugu ɗaya, ko sai da kika sake?"

"Malam, ya tashi, na ce. Ga ni ina yi maka magana."

Na tambaye ta inda cajin ya tsaya. Ta ce ba ta duba ba. Na ce ta je ta duba, ina riƙe da waya. Ta ce ana auna rabonta yanzu, in ta tashi ƙannenta za su cika mata buhu da iska, ta kashe wayar. Na jira har la'asar, na sake bugawa na tambaya.